Yadda ake tsara ranakun sauka gari a tafiyar jirgin ruwa da iyali

Wani magidanci daga Birnin Kebbi ya aiko da wannan tambaya: zai kai iyalinsa hutun kwana bakwai a babban jirgin ruwan yawon buɗe ido cikin watan Agusta, lokacin dogon hutun makaranta. Jirgin zai tashi daga Istanbul, ya tsaya a Kushadasi ta Turkiyya, sannan Santorini da Pireyus ta Girka, ya koma Istanbul. Su bakwai ne: shi, maiɗakinsa, mahaifiyarsa mai fama da ciwon gwiwa, da yara huɗu, babban yana da shekara 15, ƙaramar kuma 3. Yana son sanin ko ya sayi yawon da kamfanin jirgin ke sayarwa ne, ko ya shirya da kansa, kuma me ya kamata su gani a kowace tasha.

Alhaji, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Kafin mu kai ga abin da za a gani, akwai maganar takardu, domin ita ce ke rusa tafiya tun ba a fara ba. Kamfanonin jiragen nan suna duba bizar kowace ƙasa da ke kan hanya a ranar shiga, kuma suna iya hana mutum hawa idan ɗaya babu, ko da ya ce shi ba zai sauka a can ba. Kuɗin tikiti kuma ba a mayarwa a irin wannan hali. Hanyarku ta fara a Turkiyya, ta shiga Girka, ta sake komawa Turkiyya, saboda haka kowane ɗayanku, har ƙaramar, yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, domin Girka, da bizar Turkiyya mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Idan ka duba jadawalin ka ga jirgin ya taɓa Girka, ya fita, ya sake komowa Girka, to ita ma bizar Shengen ɗin sai ta zama mai shiga da fita sau da yawa. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kuwa kyauta, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. An yarda a nema tun ana saura wata shida, kuma amsar da aka saba bayarwa cikin kwana 15 takan iya kai 45. Don tafiyar Agusta, ka shigar da takardu a watan Maris ko Afrilu. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa, a haɗa da takardun haihuwar yara da katin rigakafin cutar shawara. Idan kuma akwai juna biyu, a sani cewa yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace da cikinta zai kai mako 24 kafin tafiyar ta ƙare.

Yanzu ga abin da duk tsarin ya rataya a kai. Mu a nan mun saba da jirgin fito na Yawuri ko motar tasha, wadda sai ta cika take tashi, in ma ka makara wani ya ce a ɗan jira, ga shi nan tafe. Wannan jirgi ba haka yake ba. Yana ɗauke da dubban mutane, an ba shi lokacin da zai bar gurbinsa a tasha, kuma akwai wata tasha da ke jiransa da safe. Kullum da daddare za a kawo muku takardar shirin gobe a ɗaki, ko ku gani a manhajar jirgin. Lokuta biyu ne a ciki: lokacin tashi, da lokacin da kowa zai kasance a ciki, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi. Na biyun shi ne naka. Daga shi za ka fara lissafi kana komawa baya. A ce an rubuta kowa ya shiga ƙarfe 5:30 na yamma. Mai iyali bakwai ya sa a ransa ƙarfe 4:00 ne, domin awa ɗaya da rabin nan ita ce ta cunkoson hanya, da yaron da zai ce zai zaga, da Hajiya mahaifiyarka da za ta nemi wurin zama. Daga 4:00 ka cire tsawon hanyar dawowa, ka cire lokacin abinci da salla, ka cire awa guda ta safe da ake ɓatawa wajen fita daga jirgi. Abin da ya rage shi ne yawonka na gaskiya, kuma za ka ga bai wuce awa huɗu ko biyar ba. Shi ya sa shawarata ita ce abu babba guda ɗaya a kowace tasha, sai ƙarami guda da za a iya yafewa ba tare da an ji ciwo ba.

A kan agogo, a Agusta kun yi sa'a: Turkiyya da Girka lokacinsu ɗaya ne, awa biyu gaba da na Najeriya. Da damina ta wuce zuwa ƙarshen Oktoba, Girka takan koma baya da awa ɗaya, Turkiyya kuwa ba ta canzawa. Duk da haka ka ɗaura agogon hannu ka saita shi da na jirgi, domin waya takan kama layin wata ƙasa a teku ta sauya lokaci da kanta.

Game da tambayarka ta ko a sayi yawon kamfani, bambancin guda ɗaya ne mai nauyi. Idan motar yawon da jirgin ya sayar ta makara, jirgin yakan jira, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan kai ka shirya naka ka makara, za a tafi a bar ka, kuɗin otal da na jirgin sama daga aljihunka. Ga mai fasfon Najeriya abin ya fi tsanani, domin bin jirgi zuwa wata ƙasa yana cin shiga guda a bizarka, kuma idan mai shiga sau ɗaya ce, hanya ta toshe. Amma yawon kamfani kowane kai da kuɗinsa ake biya, mota kuma babba ce mai mutum arba'in ko fiye, ɗan jagora yana gaba da tuta yana sauri, ba ya jiran mai gwiwa. Motar haya ta kanku da direba da ɗan jagora kuwa, kuɗin motar ake biya gaba ɗaya, kuma idan aka raba wa mutum bakwai sau da yawa ta fi sauƙi, ga shi kai ke cewa a tsaya ko a wuce. Ka'idar da zan ba ka ita ce: inda wurin ke kusa da tasha, hanya ɗaya ce, kuma jirgin ya jingina da gaɓa, ɗauki motar kanku. Inda sai an yi fito da ƙananan jirage, ko hanyar ta haura awa ɗaya, sayi na kamfani. Duk wanda za ka yi ciniki da shi a waje, ya rubuta maka cewa idan jirgi bai tsaya a tashar ba za a mayar maka da kuɗinka cif, ya rubuta lokacin da zai sauke ku a bakin tasha, ya kuma tabbatar akwai kujerar yara a motar.

Istanbul kada ka lissafa ta cikin ranakun jirgi. Ku isa kwana biyu kafin ranar tashi. Daga Birnin Kebbi sai an bi ta Abuja ko Kano, kuma jirgin saman cikin gida guda da aka ɗage ya isa ya sa ku rasa na teku, don haka ku kwana a Abuja ma kafin tashi. Kwana biyun nan su ne na ziyara. Tashar jiragen, Galataport, tana cikin gari, kuma taragon layin T1 yana bi ta Tophane ya kai ku unguwar Sultanahmet, inda Masallacin Sultan Ahmad na farkon ƙarni na 17 da Ayasofya suke fuskantar juna. Ayasofya, tsohon ginin da ya taɓa zama gidan tarihi, ta koma masallaci a 2020. Fadar Topkapi tana nan kusa, a cikinta akwai ɗakin amanar kayan tarihi da ake dangantawa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, ana karatun Alƙur'ani a wurin. Ranar Talata a rufe take, babbar kasuwar Kapali Charshi kuma ba ta ci ranar Lahadi, sai ka duba kwanakin da kuka faɗa. Ga Hajiya, ina ganin abin da zai fi zama mata a rai shi ne unguwar Eyub, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake. Ku je da tasi da hantsi, harabar a shimfiɗe take, akwai wurin zama.

Kushadasi ita ce tashar da ta fi dacewa da motar kanku. Jirgi yana jingina a cikin gari, tsohon birnin Afisa kuma bai wuce kilomita 20 ba, kamar rabin awa. Ga sirrin wurin: ƙofa biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa. Ka ce wa direba ya sauke ku a ta sama, ya zagaya ya jira ku a ta ƙasa, sai tafiyar ta zama gangara, kusan kilomita biyu. Wanda ya shiga ta ƙasa hawa zai yi ta yi, ya kuma dawo ta inda ya fito. Titin na dutsen marmara ne da ƙafafu suka goge shekaru aru-aru har yana sheƙi, santsi gare shi ko ba ruwa, ga ramukan da ƙafar keken jarirai ke maƙalewa. Silifas da takalmin fata mai sulɓi ba su da wuri a nan, kowa ya sa kambas. Ƙaramar a goye ta, zani ya fi keke amfani nesa ba kusa ba. Inuwa kusan babu. Kada ka ce ai mu 'yan Kabi ne, mun san zafin bazara. Mun san shi, amma a gida ba mai fita yawo a kan dutse da tsakar rana, kuma farin dutsen nan yana maido da hasken rana a fuska. Ku kasance a ƙofa da zarar an sauka daga jirgi, ku gama kafin ƙarfe 11, kowa da gorar ruwa lita ɗaya da hula ko lema. Abin kallo a ƙarshen gangarar yake: fuskar ɗakin karatun Selsus mai hawa biyu, da babban dandalin da ke ɗaukar mutum kusan 25,000. Idan gwiwar Hajiya ba za ta ɗauki gangara ba, ta zauna a mota zuwa ƙofar ƙasa, ɗaya daga cikin manyan yara ya raka ta, daga nan hanya a miƙe take zuwa dandalin.

Ƙaramin abu na wannan rana shi ne Masallacin Isa Bey a garin Selchuk, ginin 1375, 'yan mintuna daga Afisa. A Agusta azahar a can sai bayan ƙarfe ɗaya, don haka ku ci abinci a garin ku yi salla a nan, ku kama hanya. Akwai kuma wani kogo kusa da ake cewa na Ashabul Kahfi ne. A gaya wa yara gaskiya cewa wurare da dama ne ake yi wa wannan iƙirari, har da wani a Jodan da wani a Tarsus. Abu guda da za ka faɗa wa direba tun a rubuce: ba ka son a tsaya shagon darduma ko na rigunan fata. Yawo mai araha sau da yawa daga kamashon waɗannan shaguna yake cike giɓinsa, za a ba ku shayi, a yi ta shimfiɗa darduma, awa guda ta tafi.

Santorini ce mai wahala, kuma a nan nake son ka fi natsuwa. Babban jirgi ba ya jingina, a tsakiyar ruwa yake tsayawa, ana fito da mutane a ƙananan jirage. Waɗanda suka sayi yawon kamfani su ake fara fitarwa, a kai su tashar Atiniyos inda motoci ke jira. Sauran kuwa sai sun karɓi lambar layi, a kai su tsohuwar tasha a gindin wani tsauni mai tsawon fiye da mita 200, garin Fira yana can bisa. Hawa uku ne: motar igiya mai cin minti uku, matakala kusan 600, ko jakuna da alfadarai masu bin matakalar nan. Motar igiyar mutum kamar 1,200 take ɗauka a awa. Ranar da manyan jirage uku ko huɗu suka haɗu, lissafa da kanka: layin sauka da yamma yakan kai awa ɗaya ko fiye, a rana, a tsaye. Matakalar kuma ba ta tsoho ba ce ba ta mai goyo ba, ga santsi ga kashin dabbobi. A nan ne mutane suka fi makara.

Don haka a wannan tasha sayi yawon kamfani, amma ka karanta bayaninsa har ƙasa, domin da yawa a Fira suke ƙarewa, a ba ku tikitin motar igiya a ce ku sauka da kanku. Nemi wanda zai maido ku ta Atiniyos. In babu, ku shiga layin sauka ana saura awa biyu da rabi kafin jirgin fito na ƙarshe, kuma ka lura cewa lokacin fito na ƙarshe yana riga lokacin tashi. Garin Iya, mai fararen gidaje da shuɗin ƙubba da ake gani a hotuna, yana kilomita kamar 11 daga Fira, lungunansa matsattsu, matakala ko'ina. A gaskiya idan da za a bi tawa, Hajiya da ƙaramar su zauna a jirgi a wannan rana tare da babba guda. Jirgin ya yi shiru, ba layi wajen abinci, kuma daga samansa ana ganin tsaunin da garuruwan da ke bisansa sarai. Ka kuma shirya wa yara zuciya cewa a Yuli da Agusta akwai iskar arewa mai ƙarfi a wannan teku, kuma idan ta tashi kyaftin yakan soke tsayawar gaba ɗaya saboda fito ya zama haɗari. Wajen shiga ƙaramin jirgi, a miƙa yaro hannu da hannu ga ma'aikaci, kada uwa ta tsallaka da shi a kafaɗa tana riƙe da jaka. Idan kuma wani a gaɓa ya tallata muku zagayen kwale-kwale, sharaɗin shi ne rigar ceto daidai jikin kowane yaro. Mutanen Kabi ba sa buƙatar a tuna musu hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Wara a 2021. Girka ta kuma sa harajin sauka tun 2025, Yuro 20 kan kowane fasinja a Santorini a tsakiyar kakar yawo, yawanci ana ɗora shi a asusunku na jirgi.

Pireyus tashar Atina ce, babban birnin Girka, kilomita 10 zuwa 12 daga tsakiyar birni. Akwai jirgin ƙasa zuwa unguwar Monastiraki a tsakiyar birnin, amma daga inda jiragen yawo ke jingina zuwa tasharsa tafiya ce mai ɗan nisa, don haka ku ɗauki mota babba guda. Tasi na yau da kullum mutum huɗu yake ɗauka, ku bakwai sai biyu, kuma rabuwa gida biyu a garin da ba ku sani ba ita ce farkon ɓata. Akropolis, tudun da ke ɗauke da tsofaffin gine-ginen tarihi na Atina, tun 2023 ana shiga ne da tikiti mai lokaci, an kuma ƙayyade mutum 20,000 a rana. Sayi na farkon safiya ta intanet tun kana gida. A Yulin 2023 da wasu shekarun bayansa an rufe wurin da tsakar rana saboda zafi, wanda ya sayi tikitin rana sai ya tarar da ƙofa a kulle. Ba a shiga da keken jarirai. Hajiya da ƙananan su wuce gidan tarihin Akropolis da aka buɗe a 2009 a gindin tudun, akwai sanyin na'ura da lif da wurin zama, daga hawan sama kuma ana hangen tsohon ginin da ke bisa tudun ta gilashi. Ku haɗu a can. Ranar 15 ga Agusta babban hutu ne a Girka, shaguna da yawa a rufe.

Abinci kuwa a yi hattara. A Turkiyya za ku ci hankali kwance. A Girka naman da ake yankawa daga sanda mai juyawa, mai kama da shawarma, mafi yawansa na alade ne, tsiren su ma haka. Kifi, salak, burodi da cuku sun fi aminci, ko ku ci da kyau a jirgi da safe ku dawo ku ci na rana. Ku sanar da kamfanin buƙatarku ta halal makonni kafin tafiya, ba ranar shiga ba. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama daga waje. Turaren wuta, dutsen guga da butar lantarki ma ana ƙwace su a ƙofar jirgi saboda gobara, a faɗa wa uwargida tun ana haɗa kaya. Salla a jirgi, alƙibla tana sauyawa idan yana tafiya, sai a duba kafin kowace kabbara. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a tafiyar ruwa kuma, ka zauna da malaminka kafin ku tashi ka nuna masa jadawalin.

Kowace safiya kafin ku fita, ka ɗauki hoton takardar shirin ranar, domin a jikinta akwai suna da lambar wakilin jirgin a wannan tasha. Idan kun ga za ku makara, shi ake kira, ba kamfanin da ke wata ƙasa ba, kuma idan aka bar mutum, sau da yawa a hannunsa ake barin fasfonsa. Ka ɗauki hoton yara tsaye da kayan da suka sa a ranar. A aljihun kowane yaro a sa ƙaramar takarda mai sunansa, sunan jirgi da lambar wayarka. Katin shiga jirgi na yara ya zauna a hannun babba guda, a jakar da ke rataye a gaba. Ka riƙe Yuro da Lira ƙanana na tasi da banɗaki, domin katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, na asusun dala ya fi. Maganin Hajiya na kwana biyu ya kasance a jakar hannu, ba a ɗaki ba, da gishirin haɗa ruwan zawo don yara. Waya kuma a rufe mata data da zarar jirgi ya bar gaɓa, domin layin teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, kuɗinsa yana da tsada ƙwarai. Taswirar kowane gari a sauke ta a waya tun a otal ɗin Istanbul, a sa alama a ƙofar tashar da za ku komo.